Allon Teku a Gidan Inna

Abu ɗaya tak na roƙi mutanen gidanmu ranar da na dawo Birnin Kudu daga Legas: kada wanda ya taɓa min allon nan. Ban ce a ba ni ɗaki mai siminti ba, ban ce a yanka min kaza ba. Allon kawai. Wallahi da bango na faɗa wa, da ya fi su ji.

Bari in faɗi ko wane irin allo ne, don na gaji da mutane suna ɗauka allon karatu nake nufi. A bakin tekun Legas akwai masu hawa igiyar ruwa a tsaye, a kan wani dogon allo da ya fi mutum tsawo, mai tsini ta gaba, kamar kwalekwalen da aka manta ba a fafe masa ciki ba. Cikinsa wani busasshen soso ne, fari, marar nauyi. A kan soson ake shimfiɗa ƙyallen faiba, a shafe shi da wani ruwan ƙaro, in ya bushe ya zama fata mai tauri, garau kamar gilashi. Duk abin da aka zana a kan soson, ta cikin fatar nan ake ganinsa.

Nawa kuwa akwai abin gani a jikinsa. Cirani ya kai ni Legas. Na yi dako, na yi gadi, har Allah ya haɗa ni da wani tsoho mai gyaran jiragen faiba da irin waɗannan alluna. Oga nake ce masa. Ba Bahaushe ba ne, ba Musulmi ba ne, amma in azahar ta yi shi ke fizge samfefa daga hannuna ya nuna min tabarma. Shi ya koya min sana'a, shi ya fara ingiza ni cikin teku ina ihu ina salati, yana dariya har da riƙe ciki. Da Babanmu ya rasu aka ce in koma gida in riƙe Inna da gona, na je na faɗa wa Oga. Sai ya jawo sabon soso, muka sassaƙa allo tare. Kafin a sa fata, ya ɗora tafin hannunsa a kai ya zagaye shi da fensir. Manuninsa guntu ne, inji ya taɓa datse shi, haka ya fito a zanen. Ya kamo nawa hannun ya ɗora a gefe, shi ma ya zagaye. Sannan muka rufe su da faiba.

Da gurguwar Hausarsa ta kasuwa ya ce min, "Kai tafi da shi. Rana kar ya gan shi, zafi kar ya dafa shi, ruwa kar ya kwana jikinsa. Kai yi haka, jikanka zai ga hannuna."

Damina ba ta zagayo sau biyu ba aka bugo min waya Oga ya mutu. Ba ni da hotonsa ko ɗaya, wayar da ke ɗauke da su teku ta cinye ta tun tuni. Abin da ya rage min na mutumin nan a duniya shi ne wannan tafin hannu mai guntun yatsa. Na faɗa wa Inna haka, na faɗa wa ƙanwata, su biyun da muke gida ɗaya. Har na kama yatsan Inna na bi da shi kan zanen, saboda idonta ya fara hazo. Ta ce, "Allah sarki. Allah ya ba ka haƙuri." Na ɗauka magana ta zauna.

Na yi iyakar abin da aka koya min. Na kankare kakin da ake gogawa a bayansa don kada ƙafa ta zame, saboda kaki datti yake kamawa. Na wanke shi, na bar shi ya bushe a inuwa, na sayo farin yadi na naɗe shi. Na kafa ƙusoshi a bangon ɗakina, nesa da taga, na rataye shi da tsumma mai laushi yadda ba zai taɓa ƙasa ba, iska kuma tana ratsa bayansa. Ni kuma na kama neman abinci. Sana'ar faiba ta yi min rana, don tankunan ruwa ba sa rabo da tsagewa, 'yan acaba kuma ba sa rabo da fasa robar babur. Yau ina Gwaram, gobe ina Sundimina, ba na yini a gida.

Da kaka, wata rana ruwan ƙaron ya ƙare min a Gwaram, na dawo tun rana na tsaka. Ina shigowa na ɗaga kai, sai ga allona a kan rumfa, ya yi ɗaiɗai a tsakiyar rana. An shanya kuɓewa a rabi, yankakken tumatir a rabi.

"Innalillahi! Wane ne ya yi min wannan aikin?"

Ƙanwata ta leƙo daga ɗaki tana taunar gyaɗa, ko a jikinta. "Haba Yaya, ai ya fi tabarma. Ba ya ɗaukar ƙasa, awaki ba sa kaiwa, kuma kafin ka dawo muke mayar maka."

"Kafin in dawo? Tun yaushe kuke yi?"

"Tun da aka fara yankan kuɓewa mana."

Na ji kamar in yi bindiga. Na ce ina farin yadin? Ta nuna min shi da baki, yana rataye a igiya, ya zama matacin koko. Na sauko da allon na kai shi inuwa na duba. Ni da yake naɗe yake, ban taɓa buɗewa ba, ashe abin ya yi nisa. Gefen da ke kallon sama ya tashi daga fari ya koma ruwan man shanu. Inda tumatir ya kwanta kuma ga tabo-tabo nan ja. Na sa omo, na sa toka, na sa lemon tsami, jan ya ɗan saki, rawayar ko gezau. Da ma na sani. Rana ba a saman fatar take aiki ba, ƙaron kansa take dafawa har ciki, ta taɓa soson da ke ƙasa. Abin da ta sauya ya sauyu ke nan.

Inna tana zaune tana tsince wake tana kallona. Ta ce, "Kai mutumin Legas, wai allo ne ko jariri? Mu da muke yini a rana ba mu narke ba."

"Inna, ba narkewa zai yi ba. Duhu zai yi ta yi har a daina ganin abin da ke ciki."

"To Allah ya kyauta. Amma dai kuɓewar ta bushe da kyau."

Ka ji fa. Na sayo wani yadin, na sayo kwaɗo na garƙame ɗakina, na sa makullin a aljihu. Ƙanwata ta yi kwana da kwanaki tana ce min maigadin katako. Ban kula ta ba. Hannayen suna nan, ana ganinsu sarai, sai dai kamar ta cikin tsohon gilashin fitila.

Aka yi rani lafiya, aka yi bazara lafiya. Da damina ta kama sai aka ba ni aikin tankunan burtsatse a Dingaya da ƙauyukan gefenta, aikin da sai an kwana can. Hanya ta lalace, zuwa gida ya zama wahala, na daɗe ban leƙo ba. Ashe a bayana iska ta ɗage kwano ɗaya a saman ɗakina, ruwa yana zuba. Inna ta ji ɗigarsa ta bango. Ta sa aka ɓalle kwaɗon, aka fitar da katifata da kayana. Tsakani da Allah, a nan ta kyauta, ba ni da ta cewa. Abin da ta yi da allon ne ya kashe ni.

A gidanmu, duk abin da ake tsoron gara ko ƙwaro su ci, madafi ake kai shi. Zangarniyar iri, ta gero da ta dawa, a saman murhu ake rataye ta, hayaƙi yana bugunta har shuka ta zagayo. Haka kakanninmu suka yi, kuma iri bai taɓa ɓaci ba. To, Inna ta ga abin da ɗanta ya fi ƙauna a duniya, sai ta ba shi wurin da ya fi kowane daraja a gidan. Ta sa aka zura shi cikin buhunan taki, aka naɗe da baƙar leda, aka ɗaure tamau, aka cusa shi tsakanin azara da kwano, daidai saman murhu.

Da na dawo ita da kanta ta tare ni da albishir. "Kwantar da hankalinka, kayanka yana inda ko gara ta Allah ba ta isa ba."

Na ɗaga kai na gan shi can cikin kunkunniya. Na hau turmi na sauko da shi. Ledar da zafi kamar an fito da ita daga tanda. Ina kwancewa ruwa ya tsiyayo, don an naɗe shi da danshinsa, ledar ta hana shi fita, kullum yana dahuwa a ciki. Wuta ta ƙasa, kwano ta sama. Shuɗi da jan rubutun buhun taki sun like a jikinsa, ana iya karanta su a juye. Inda ledar ta yage hayaƙi ya shiga ya yi masa baƙin zane. Ta wata 'yar tsaga a hancinsa ruwa ya ratsa cikin soson ya yi ruwan ƙasa, ya bazu kamar fitsarin yaro a katifa. Abin da ya fi ɗaga min hankali, zafi ya sa fatar ta rabu da soson a wuri biyu, ta yi bororo, in ka danna sai ta lotsa ta dawo.

Na ce, "Inna! Inna, me na yi miki?"

Ta yi sororo. "Au, laifi na yi?"

"Hayaƙi fa, Inna! Zafi fa! Gara ba ta cin wannan abin, ko an roƙe ta ba za ta ci ba!"

"To ni ina na sani? Kai ka ce a adana."

Gaskiyarta ce, adanawa ta yi. Wannan shi ne takaicin. Da mugunta aka yi min da na san inda zan kai fushina. Na ɗauke shi na koma bayan ɗaki na yi ta goga, ina masifa ni kaɗai, kaji suna kallona. Na sa samfefa mai laushi da ruwa na ci saman fatar kaɗan-kaɗan, rubutun buhun ya fita, kunkunniyar ta ragu. Zanen hannuna ya dushe ƙwarai. Na Oga yana nan, amma sai ka karkata allon wajen haske kafin ka ga guntun yatsan.

Na gyara kwanon ɗakina, na sa silin, na mayar da allon bango. A wannan karon na tara su biyun na yi musu karatu dalla-dalla, kamar mai wa'azi a kasuwa. Ba rana. Ba kusa da wuta ko kwano ba. Ba leda, ba buhu mai rubutu, ba zane mai zuba, farin yadi kawai. In ya jiƙe a bar shi ya sha iska a inuwa. Ƙanwata ta ce, "Mun ji, Malam. A shafa fatiha?" Na kai mata duka da hula ta gudu tana dariya.

Sai bikinta ya zo. Gida ya cika da mata, 'yan uwan Inna daga Sundimina, ƙawayen amarya, maƙwabta. Ɗakina ma aka ce in ba baƙi, na koma zaure. Na ja kunnen ƙanwata, ta rantse min ba mai taɓawa. Amma amarya ina ta ga ta tsaron allo? Ranar ƙunshi na shigo neman tabarmar baƙi, sai na ga mata jere a tsakar gida, sun miƙe ƙafafu a kan wani dogon benci. An ɗora shi a kan turmi biyu. Kwanon lalle a tsakiyarsa, lalle yana ɗiga ta ko'ina, wata har tana goge yatsunta a gefensa.

Ban san lokacin da na daka tsawa ba. Ni da ban taɓa ɗaga murya gaban iyaye mata ba, ran nan na yi. Mata suka watse da ƙafafu a leda, ana "Lafiya? Lafiya?" Wata gwaggo ta ce, "Yo wannan tsohon ƙyauren ne abin faɗa?" Na sungumi allona na shige ɗaki na turo ƙofa.

Lalle dai aikinsa ke nan, ya kama. Duk ƙananan tsagar da zafi ya yi wa fatar, ya bi su ya zauna, ja-ja-ja kamar jijiyoyin ido. Ɗayan bororon ya fashe saboda nauyin ƙafafu, wani ɓallin fata ya ɗago, ana hango farin soso a ƙasa. Na karkata shi wajen taga, na karkata, na sake karkatawa. Da ƙyar na gano babban yatsan Oga da gefen tafinsa. Na zauna a bakin gado, hawaye suka zubo min, ƙato da ni.

Haka Inna ta same ni. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona. Rabon da ta ga hawayena tun rasuwar Baba.

Ta ce, "Hannun mutumin naka ya tafi ne?"

"Yana ciki, Inna. Dattin fatar ne ya rufe shi. Ba na ganinsa."

Ta matso ta shafa allon, yatsanta ya faɗa inda fatar ta ɗago. Ta sunkuya sosai ta ƙura ido. "Nan ciki ai fari ne."

"Fari ne," na ce, don ba ni da ƙarfin dogon bayani.

Ta juya ta fita. Aka kai amarya, baƙi suka watse, gida ya rage daga ni sai ita. Na bar zancen allon kwata-kwata. Na naɗe shi na rataye, na daina ko kallon bangon. A raina na ce in na samu sarari zan bi shi a hankali, in tsotse danshin, in like bororon da sabon ƙaro, in tsayar da ɓarnar inda ta tsaya. Ko babban yatsan ne kaɗai, ya ishe ni. Amma fuskata ta ƙi sakuwa. Ina ci ina sha ina gaishe ta, ita kuma tana bina da ido.

Wata ranar kasuwar Gwaram na fita da sassafe, ban dawo ba sai bayan la'asar. Tun daga zaure na ji wani wari, irin na roba in ta ƙone. A tsakar gida na ci karo da kafintan unguwarmu, dattijo ne mai tsoron Allah, shi ya yi mana ƙyauren zaure. Yana kakkaɓe wata farar ƙura daga rigarsa yana susar hannu.

Ya ce, "Malam, sannu da dawowa. Kai, wannan abu naka akwai taurin kai! Tun hantsi nake fama. Inna ta ce a cire dattin fatar a fito da na ciki. Ba ta ɓantaruwa gaba ɗaya, sai gutsi-gutsi, tana tahowa da naman soson. Da na gama na ga ya yi rami-rami, sai na bi shi da samfefa ya yi sumul."

Na ce, "Ina fatar?"

"Ai mugun abu ne, ƙaiƙayi kamar ƙaiƙayin gero. Na share na kai bola na cinna mata wuta, kada wani ya taka."

Ya yi min sallama ya fita, yana jin ya yi aikin lada.

Allon yana jingine a inuwar ɗakin Inna, an ɗora shi a kan sabuwar tabarma don kada ya taɓa ƙasa, an yafa masa farin yadi. Duk abin da na yi ta faɗa, ran nan an kiyaye shi. Na ɗage yadin. Fari tas, fari ƙal, ya fi ranar da muka sassaƙa shi. Fensir a saman soso yake zama, ƙaro ya shanye shi, ya zama ɗaya da fatar. Na san haka, amma sai da na durƙusa na bi shi tun daga hanci har wutsiya, na karkata shi wajen haske, na shafa da tafin hannu. Ko ɗigo babu.

Inna ta fito tana laluben bango, fuskarta cike da murna, irin wadda ban gani ba ko a bikin 'yarta. Ta tsaya a kaina. Daga inda take, farin kawai take iya gani.

"Na ce masa ya bi a hankali wajen hannun," ta ce. "Tsaye na yi a kansa har ya gama, ko zama ban yi ba. Ya fito ko? Kana ganinsa yanzu?"

Masifa ta taso min har wuya, duk wadda na saba yi da wadda ban taɓa yi ba. Na ɗaga kai na dube ta. Farar ƙurar soson ta bule mata ɗankwali da gira, tana ta susar damtsenta inda faiba ta taɓa ta, tana jiran amsa.

Na ce, "Ya fito, Inna."

"Har da guntun yatsan?"

"Har da shi."

"To alhamdu lillahi. Sai ka saki fuskar nan haka, ka ci abinci."

Ta juya ta nufi madafi tana laluben bango. Ni kuma na zauna a ƙasa gaban farin abin nan, babu komai a jikinsa.